Sarkin Katsina Usman Nagogo: Basaraken da ya mayar da wasan Turawa na Katsinawa

Duk wanda ya fito daga Babbar Kasuwar Katsina ya tare mai Keke Napep ya ce a kai shi Filin Polo, ba za a tambaye shi kwatance ba. Sunan filin ya zauna a bakin mutanen birni, har waɗanda ba su taɓa ganin an buga ƙwallon dawaki ba sun san shi, domin can ake yin manyan tarurruka. Mutumin da filin ke ɗauke da sunansa shi ne Alhaji Sir Usman Nagogo, wanda ya yi sarautar Katsina shekara 37, kuma har yau idan ana lissafin gwanayen Polo a Nijeriya da sunansa ake farawa.

An haife shi a birnin Katsina a shekarar 1905. Mahaifinsa Muhammadu Dikko a lokacin yana riƙe da sarautar Durɓi, kuma gidansu na Sulluɓawa bai taɓa yin sarautar Katsina ba, domin tun bayan jihadi tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero suka ɗora Dikko. Ke nan Nagogo ya buɗe ido ne a gidan da sarauta ta shigo sabuwa, kuma babu wanda zai iya rantsuwa a wancan lokaci cewa za ta zauna a gidan bayan ran mai ita. Wannan ne ya sa Dikko ya ɗauki tarbiyyar 'ya'yansa da muhimmanci ƙwarai. Nagogo ya yi karatun allo da na littattafai a gida, sannan aka sa shi makarantar boko ta lardi. A 1921, shekarar da Dikko ya yi tafiyar nan tasa ta aikin Hajji da ziyarar Ingila, yaron yana cikin 'yan rakiya, har ya ga Sarki George na Biyar da idonsa. Ya dawo ya kammala makaranta a 1923.

Shi wasan Polo ba a Ingila aka ƙage shi ba. Tsohon wasa ne na mahaya a ƙasar Farisa da tsakiyar Asiya, sojojin Ingila suka tarar da shi a Indiya suka yi masa dokoki, suka riƙa yawo da shi duk inda mulkinsu ya kai. A Nijeriya an fara buga shi a Legas a 1904, daga baya ya iso barikokin Arewa, inda hafsoshi da joji-joji ke buga abinsu, 'yan ƙasa kuwa nasu riƙon linzami da share barga. Sarki Dikko, wanda mutum ne mai son dawaki da sukuwa, shi ya ga babu dalilin da zai sa mutanen da suka gaji hawa kaka da kakanni su tsaya kallo. Ya sa aka gyara fili a Katsina, ya ɗora 'ya'yansa da mutanen fada a kan dawaki, ya miƙa musu sanda.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka sukuwa ce kawai ake yi da sanda a hannu. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, a filin da tsawonsa ya kai yadi 300. Ana buga shi zango-zango, kowane zango minti bakwai, kuma saboda tsananin gudu da birki da juyi, doki ɗaya ba ya iya jure wasa duka, dole a riƙa sauyawa. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda, hagu na kan linzami, sauran aikin kuwa na gwiwa ne da cinya. Ƙwallon ƙarama ce mai tauri, mahayi zai sunkuyo ya doke ta alhali dokinsa na tsakiyar gudu, wani kuma na gogarsa da kafaɗar nasa dokin don ya ture shi daga layi. Ana auna gwanintar ɗan wasa da maki, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa 10, kuma masu kai wa 10 a duniya 'yan ƙalilan ne, galibinsu mutanen Ajantina.

Nagogo ya kai maki 7. Har yanzu masu bin tarihin wasan na ambaton wannan a matsayin mafi girman makin da ɗan Nijeriya ya taɓa samu. Abin lura shi ne a kan dawakin ƙasar nan ya yi wannan suna, tun kafin a fara shigo da na Ajantina masu tsada da ake gani a filaye yau. Ƙungiyar Katsina ta zama abin tsoro a gasar Kaduna, inda ake fafatawa a kan kofin Georgian, mafi daraja a kofunan Polo na ƙasar. Ga talakan da ya saba cire takalmi ya durƙusa idan Bature zai wuce, ganin ɗan garinsu ya ƙwace ƙwallo daga hannun hafsan soja ya bar shi a baya cikin ƙura ba ƙaramin abu ba ne.

Wasan kuma ya ciyar da mutane da yawa waɗanda ba su taɓa riƙe sanda ba. Barga mai dawaki da dama tana buƙatar dusa da harawa da dawa da kanwa kullum, tana buƙatar dukawa masu ɗinkin sirdi da maƙera masu ƙera linzami da likkafa, ga masu kiwo da masu horarwa da dillalan da ke kawo dawaki daga Barno da Chadi. Duk waɗannan ta kasuwa suke bi.

Sai dai Nagogo ba a kan doki kaɗai ya yi rayuwarsa ba. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan Sarki, a 1937 kuma ya zama Magajin Gari, hakimin birni da kewaye, mai kula da unguwanni da haraji da kasuwa. Mahaifinsa na ɗora shi mataki-mataki, kowa na gani. Da Dikko ya rasu a 1944, Nagogo ya gaje shi, Gwamna Arthur Richards ya ba shi sandar mulki ranar 19 ga Mayu na shekarar. Da wannan naɗi ne sarautar ta tabbata a gidan Dikko, inda take har yau.

Ya hau gado ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin yaƙin ya ƙare ya yi doguwar tafiya har Indiya da Bama, ya gana da sojojin Nijeriya da ke yaƙi da Japan a dazuzzukan can, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne da suka yi shekaru ba su ji daga gida ba. Da aka shiga zamanin siyasa ya zama ɗan Majalisar Sarakuna a Kaduna, ya kuma riƙe muƙamin minista maras ofis a gwamnatin Jihar Arewa. Ingila ta ba shi lambobin girma har da ta Sir.

A nan ne ra'ayi ke rabuwa a kansa. Magoya bayan NEPU sun ɗauki tsarin En'e gaba ɗaya, da 'yan dokansa da kotunansa da gidajen yarinsa, a matsayin sandar da ake dukan talaka da ɗan adawa, kuma sarkin da ke zaune a majalisar ministocin gwamnatin NPC ba zai ce ba ruwansa da wannan ƙorafi ba. Akwai kuma masu ganin Polo ɗin kansa hanya ce ta kusantar masu mulki, domin a gefen fili ana ƙulla abin da ba a ƙullawa a ofis. Akwai gaskiya a ciki. Amma a zamanin da aka riƙa tuɓe sarakuna, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya bar gado a 1963, Nagogo ya zauna da Turawa, ya zauna da Sardauna, ya zauna da soja, bai yi karon da zai kai ga rasa rawani ba.

Jarrabawa mafi nauyi ta zo masa daga cikin gida. Bayan juyin mulkin Janairun 1966, ɗansa Hassan Usman Katsina, hafsan da ya yi horo a Sandhurst kuma shi ma ɗan Polo, ya zama Gwamnan soja na Arewa. A zamanin mulkin sojan nan ne aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, aka bi da gidajen yari, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Mutumin da ya fara aikin hukuma da shugabancin 'yan doka ya ga an rushe rundunar yana kan gado, kuma ɗan cikinsa na cikin manyan gwamnatin da ta yi hakan. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa kwashe abin da ya rage na ikon zartarwa. Bai yi tawaye ba, bai yi murabus ba. Ya ci gaba da zaman fada da sulhunta jama'a da Hawan Sallah, yana kuma riƙe da shugabancin ƙungiyar Polo ta Nijeriya na tsawon rai.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 18 ga Maris, 1981, shekara shida kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi har zuwa 2008, sannan jikansa Abdulmumini Kabir Usman, dukansu mahaya ne da suka buga wasan. Gasar Polo ta Katsina na ci gaba a filin da ke ɗauke da sunansa, kuma cikin kofunan da ake fafatawa a kansu akwai na tunawa da Janar Hassan.