Abraham Colles: Likitan da ya bayyana karayar wuyan hannu shekara 81 kafin zuwan hoton ƙashi

Idan santsi ya kwashi mutum ko ya yi tuntuɓe, abin da yake fara yi shi ne miƙa hannu ya dafa ƙasa. Nauyin jiki duka sai ya sauka a kan tafin hannu, kuma sau da yawa ƙashin da ke gab da wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa, shi ke karyewa. Wannan karaya tana cikin waɗanda likitocin ƙashi suka fi gani, musamman a tsakanin mata masu manyan shekaru da ƙashinsu ya yi rauni. A asibitocin duniya ana kiranta da sunan wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ireland, Abraham Colles, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1814, lokacin da babu na'urar da za ta nuna wa likita abin da ke ƙarƙashin fata.

An haifi Colles ranar 23 ga Yulin 1773 a Millmount, kusa da garin Kilkenny. Gidansu gidan masu haƙar dutsen marmara ne, kuma mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida, mahaifiyarsa ta ci gaba da renonsa. Masu rubuta tarihinsa suna ba da labarin cewa yana ɗan makaranta aka yi wata ambaliya da ta ci wani sashe na gidan likitan garin, ruwa ya ɗauko wani littafi na sanin sassan jikin ɗan Adam ya yar a wani fili kusa da gidansu. Yaron ya tsinta ya mayar wa mai shi, likitan kuwa ya bar masa kyauta. Daga wannan littafi, in ji su, sha'awar likitanci ta shige shi.

A 1790 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin, ya kuma zama almajirin likitan tiyata Philip Woodroffe a asibitin Steevens, inda ya yi shekara biyar yana koyon aiki. Ya samu shaidar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ireland a 1795, ya wuce Edinburgh ta Scotland ya karɓi digirin likita a 1797. Daga can ya taka da ƙafa zuwa Landan, tafiyar mil 400 ko kusa da haka, ya yi ɗan zama wajen Astley Cooper yana taya shi feɗe gawarwaki domin nazari.

Da ya dawo Dublin bai faɗa cikin daula ba. Ya fara da duba talakawa a wani ɗakin shan magani, kuma littafin da yake rubuta kuɗin shigarsa ya nuna abin da ya samu a shekararsa ta farko bai kai fam 10 ba. A 1826 wannan littafi ya nuna fiye da fam 6,000. Tsakanin waɗannan shekaru ne ya gaji malaminsa Woodroffe a asibitin Steevens a 1799, aka zaɓe shi shugaban Kwalejin Likitocin Tiyata a 1802 bai cika shekara 30 ba, sannan ya zama farfesa a 1804. Kujerar farfesan ya riƙe ta har 1836.

Maƙalar da ta ɗaukaka sunansa gajeriya ce, 'yan shafuka kaɗan a wata mujallar likitoci ta Edinburgh. Tun zamanin Hippocrates, likitan tsohuwar Girka, malaman likitanci suna koyar da cewa idan wuyan hannu ya karkace bayan faɗuwa, gaɓar ce ta goce. Wani lokaci kuma a ɗauke shi targaɗe. Akwai dalilin wannan kuskure. Alamar da likitocin lokacin suke dogara da ita wajen gane karaya ita ce ƙarar gugar ƙashi da ƙashi idan an motsa wurin, da kuma yadda wurin ke lilo. A wannan karaya kuwa gutsuren ƙashin yakan cusa cikin ɗan'uwansa ya maƙale, ga kumburi ya rufe komai, don haka ba a jin ƙara, ba a ganin lilo. Sai likita ya ja hannun, ya ga ya miƙe, ya ɗaure shi sama-sama ya sallami mai shi. Bayan kwanaki, kumburi ya saɓe, a tarar hannu ya koma a karkace, ƙashi kuma ya fara haɗewa a haka.

Colles ya ce karaya ce, ya kuma faɗi wurinta: kamar inci ɗaya da rabi sama da ƙarshen ƙashin. Ya bayyana yadda guntun da ya karye yake komawa ta bayan hannu tare da tafin, ƙashin ɓangaren ƙaramin yatsa kuma ya turo. Daga baya ne wasu likitoci suka kwatanta wannan siffa da lanƙwasar cokali mai yatsu. Abin da ya fi amfani shi ne hanyar ganewa da ya koyar. Likita ya ɗora yatsun hannu ɗaya a inda yake zargi, ya sarƙe ɗaya hannun da na majinyaci kamar masu gaisawa, ya ja a hankali har hannun ya dawo siffarsa, sannan ya motsa shi gaba da baya. A nan yatsunsa za su ji bakin karayar yana motsi. Ya yi gargaɗi cewa da zarar an saki, hannun zai koma yadda yake, saboda haka dole mataimaki ya ci gaba da ja har a gama ɗori. Karan ɗorinsa na ƙarfe ne marar nauyi irin na gwangwani, ɗaya ta ciki ɗaya ta baya, da siririn katako ta gefe.

Duk wannan da ido da yatsu ya gano shi. Maganin sa barci domin tiyata bai zo ba sai 1846, bandejin filasta da ake kira siminti sai bayan 1850, hoton ƙashi kuwa sai 1895 da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano haskensa. Da hoton ya zo, ya tabbatar da ainihin maganar Colles, ko da yake ya nuna karayar takan fi kusa da gaɓa fiye da yadda ya auna. Akwai inda ya yi sassauci fiye da kima: ya ce ko an bar hannun bai gyaru ba, wata rana zai daina ciwo ya koma motsi sosai, karkacewar ce kawai za ta zauna har mutuwa. Likitocin yau sun san ba kullum haka take ba, domin wasu kan ƙare da raunin riƙo da ciwo mai daɗewa. Shi ya sa idan guntayen ba su zauna daidai cikin siminti na kusan mako shida ba, ake shiga tiyata a kafe su da siraran ƙarafa ko faranti da kusoshi. Adalci kuma ya sa a ambaci Claude Pouteau, likitan birnin Lyon, wanda bayaninsa kan irin wannan karaya ya fito a 1783 bayan rasuwarsa. Faransawa har yau suna haɗa sunayen biyu.

Colles bai tsaya a kan ƙashi ba. A 1811 ya wallafa littafi kan sassan jiki domin masu tiyata, a 1837 kuma ya fitar da wani kan ciwon tunjere. A ciki ya lura cewa jaririn da aka haifa da cutar yakan harbi matar da aka ɗauko ta shayar da shi, amma ba ya harbin uwarsa. Abin da ya gani daidai ne, sai dai dalilin bai bayyana ba sai da gwajin jini ya zo a farkon ƙarni na 20: uwar tana ɗauke da cutar tun farko, alamunta ne ba su fito ba.

Ɗalibansa sun fi tunawa da shi kan wani hali da ba kowane babba ke da shi ba. An ruwaito cewa wani majinyaci ya mutu bayan Colles ya zura masa wani ƙarfen aiki ta dubura. Da aka buɗe gawar aka ga hanji ya huje, sai ya juya ga ɗaliban da ke tsaye ya shaida musu ba tare da kwana-kwana ba cewa shi ne sanadin mutuwar. A 1839 gwamnatin Birtaniya ta yi masa tayin sarautar da ake gado, ya ƙi karɓa.

Ya ajiye aikin asibitin Steevens a 1841, bayan shekara 42, ciwon gaɓoɓi da na ƙirji da na zuciya sun taso shi gaba. Da ya ga alamar tafiya ta kusa, ya rubuta wa abokin aikinsa Robert Harrison takarda yana roƙon a buɗe gawarsa a bincika da kyau, domin a san abin da ya kashe shi, masu koyo su ƙaru. Ya rasu a gidansa da ke Dublin a ƙarshen 1843 yana da shekara 70, aka cika masa wasiyya. William Stokes ya rubuta bayanin ciwon nasa domin likitocin zuciya. Wanda ya yi aikin buɗe gawar shi ne Robert William Smith, wanda a 1847 ya bayyana kishiyar karayar Colles, wadda guntun ƙashin ke komawa ta cikin tafin hannu, kuma ita ma sunansa take ɗauke da shi.