Robert Noyce: Mutumin da ya kafa gidan da aka haifi zuriyar x86

A shagunan buga takardu na unguwar Turaki da ke Jalingo, kamar yadda yake a cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB na Kano da Zariya, mafi yawan kwamfutocin da ake aiki da su suna ɗauke da ƙwaƙwalwa 'yar gida ɗaya, wato zuriyar da masana ke kira x86. Robert Noyce bai zana ko ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan zuriya da hannunsa ba. Amma shi ya samo dabarar da ake ƙera su da ita, shi ya kafa kamfanin da ya haife su, kuma shi ya ba da izinin gwada ta farko a lokacin da ba kowa ya ga amfaninta ba.

An haifi Noyce ranar 12 ga Disamba, 1927, a garin Burlington na jihar Iowa a Amurka. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya tashi a garin Grinnell, ya kuma shiga kwalejin garin, inda ya karanci kimiyyar fiziks da lissafi. A can ne malaminsa Grant Gale ya samo wasu daga cikin tiransistocin farko da aka ƙera a duniya, ya nuna wa ɗalibansa. Tiransisto wani ɗan mitsitsin makunni ne da ke buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe ta, kuma da irin wannan buɗewa da rufewa kwamfuta take yin duk lissafinta. Noyce ya kammala kwalejin a 1949, sannan ya sami digirin digirgir a jami'ar MIT a 1953.

Bayan ya yi aiki da kamfanin Philco, a 1956 ya koma Kalifoniya ƙarƙashin William Shockley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiro tiransisto. Zaman bai yi daɗi ba, domin Shockley mutum ne mai wuyar sha'ani. A 1957 Noyce da abokan aikinsa bakwai suka fice suka kafa Fairchild Semiconductor.

A wancan zamani, ana ƙera kowane tiransisto daban, sannan ma'aikata su yi ta haɗa su da waya ɗaya bayan ɗaya. Gwargwadon yawan wayoyin, gwargwadon tsada da yawan lalacewa. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya nuna cewa ana iya tara sassa da dama a kan guntu ɗaya, sai dai nasa yana buƙatar 'yan siraran wayoyi. A 1959 Noyce ya ɗora kan aikin abokinsa Jean Hoerni, wanda ya gano yadda za a lulluɓe fuskar silikon da wani siririn rufi mai kariya. Noyce ya ga cewa a kan wannan rufi ana iya shimfiɗa layukan ƙarfe su maye gurbin waya, ta yadda za a buga da'irar lantarki gaba ɗaya kamar yadda ake buga shafin littafi. An ba shi takardar mallakar fasahar a watan Afrilun 1961.

A watan Yulin 1968 shi da Gordon Moore suka kafa Intel, Andrew Grove ya biyo su. Niyyarsu ita ce ƙera ma'adanar bayanai ta kwamfuta. Sai a 1969 wani kamfanin Japan mai suna Busicom ya kawo musu kwangilar guntaye goma sha biyu na na'urar kalkuleta. Wani injiniya mai suna Ted Hoff ya ga aikin ya fi ƙarfin ƙaramin kamfaninsu, ya kawo shawarar a ƙera guntu ɗaya mai bin umarni, wanda za a iya sa shi kowane irin aiki ta hanyar sauya umarnin. Wannan ba shi ne abin da mai kwangila ya nema ba, kuma ba sana'ar Intel ba ce, amma Noyce ya ce masa ya ci gaba. Stanley Mazor da Masatoshi Shima sun taimaka wajen tsara shi, Federico Faggin kuma ya jagoranci zana shi a kan silikon. A watan Nuwamban 1971 aka fitar da 4004 kasuwa, mai tiransisto 2,300, bayan Intel ta mayar wa Busicom dala 60,000 don ta sami ikon sayar wa kowa.

Ana auna faɗin ƙwaƙwalwar kwamfuta da bit, wato yawan alamomin sifili da ɗaya da take ɗauka a tashi guda. 4004 bit 4 take ɗauka. A 1972 aka fitar da 8008 mai bit 8, wadda tsarin umarninta ya samo asali daga wata na'ura ta kamfanin da daga baya aka sani da Datapoint. Daga ita ne asalin zuriyar ya faro. A 1974 ƙanwarta 8080 ta zo, ita ce kuma zuciyar Altair 8800, kwamfutar da Bill Gates da Paul Allen suka fara rubuta wa manhaja suka kafa Microsoft a 1975.

A wannan shekara Noyce ya miƙa wa Moore ragamar gudanarwa, ya koma shugaban hukumar daraktoci. A watan Yunin 1978 aka fitar da 8086, mai bit 16 da tiransisto 29,000, wadda Stephen Morse ya tsara umarninta. An yi ta ne don ta riƙe kasuwa kafin a kammala wani babban aiki da ya jinkirta. An tsara ta yadda za a iya juya manhajojin 8080 zuwa gare ta cikin sauƙi. Tana da wata dabara ta musamman: lamba mai bit 16 ba ta iya nuna gurbi fiye da 65,536 a ma'adana, don haka aka sa ta haɗa lambobi biyu, ɗaya ta nuna yanki, ɗaya ta nuna gurbi a cikin yankin, kamar sunan unguwa da lambar gida. Ta haka ta kai ga gurbi fiye da miliyan ɗaya. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna kuka da wannan tsari, amma ya zauna.

Abin da ya zaunar da shi ya faru a watan Agustan 1981, lokacin da IBM ta fitar da kwamfutarta ta kan tebur da 8088, 'yar'uwar 8086 mai araha. Kamfanoni suka yi ta kwaikwayon kwamfutar, manhajoji suka yawaita, kuma daga nan ya zama dole kowace sabuwar ƙwaƙwalwa ta fahimci umarnin wadda ta gada, in ba haka ba masu saye su yi asarar abin da suka tara. Haka 80286 ta zo a 1982 da tiransisto 134,000 da hanyar hana wata manhaja taɓa ma'adanar wata. 80386 ta biyo a 1985 da bit 32 da tiransisto 275,000, sannan 80486 a 1989 ta haura miliyan ɗaya. Da yake duk sunayen suna ƙarewa da 86, aka laƙaba wa zuriyar x86.

Wannan zuriya ce ta ceci Intel. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Japan sun mamaye kasuwar ma'adanar bayanai da kaya masu inganci da araha, har Intel ta janye daga sana'ar da aka kafa ta dominta, ta dogara ga abin da ya fara a matsayin aikin gefe. Lamarin ya dami Noyce ƙwarai. A 1988 ya bar hutunsa ya karɓi shugabancin Sematech, haɗin gwiwar gwamnatin Amurka da kamfanonin ƙasar don farfaɗo da masana'antar, ya koma birnin Austin na jihar Texas.

A can bugun zuciya ya yi ajalinsa ranar 3 ga Yuni, 1990, yana da shekara 62. Da aka ba Kilby kyautar Nobel a 2000 saboda haɗaɗɗiyar da'irar lantarki, Noyce ya shekara goma da rasuwa, kuma ba a bai wa mamaci wannan kyauta.

Bayansa zuriyar ta ci gaba. Pentium ta fito a 1993, kuma a 2003 kamfanin AMD, abokin hamayyar Intel, ya faɗaɗa tsarin zuwa bit 64, Intel ma ta bi sahu. Wayoyin salula sun ɗauki wata zuriya dabam mai suna ARM, wadda ba ta cin batir sosai. Amma kwamfutar da ake buga takardar neman aiki da ita a Turaki, mai ɗauke da tiransisto fiye da biliyan ɗaya, duk lokacin da aka kunna ta tana farkawa ne tamkar 8086 ta 1978, kafin ta koma cikakken ƙarfinta.