Kannangara: Ministan da ya soke kuɗin karatu har jami'a a Sri Lanka

An haifi C.W.W. Kannangara a 1884 a kudancin Sri Lanka, zamanin mulkin mallakar Birtaniya. Tallafin karatu da ya samu ne ya kai shi Kwalejin Richmond da ke garin Galle.

Lokacin da ya zama ministan ilimi a 1931, ilimi mai zurfi sai 'ya'yan masu hannu da shuni. Ya dage sai gwamnati ta ɗauki nauyi, duk da adawar masu makarantun kuɗi. A Oktoban 1945 karatu ya zama kyauta tun daga firamare har jami'a.

Bayan shekara biyu ya sha kaye a zaɓe. Ya rasu a 1969, amma har yau masu digirin farko a jami'o'in gwamnatin ƙasar ba sa biyan kuɗin karatu.