Malam Abdullahi Na Gwandu: Malamin Da Ya Guje Wa Mulki Saboda Rashawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, an haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wajen shekarar 1766. Ya yi karatu a hannun yayansa, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya zama kogi a fannin tafsiri da fiƙihu da nahawu. Shi ne ya ja rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805.

To, da nasara ta samu, sai ya ga wasu sun juya ga neman sarauta da tara dukiya da cin rashawa, abin da aka yaƙi sarakuna dominsa. Ya bayyana baƙin cikinsa a littafinsa Tazyinul Waraƙati. A 1807 ya rabu da runduna, ya nufi Makka. Da ya isa Kano, mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu ƙa'idojin mulki. Nan ya wallafa Liya'ul Hukkami, inda ya nuna haramcin sayar da muƙami da karɓar toshiya ga mai hukunci. Dalili a sarari yake: wanda ya sayi kujera, daga jikin talaka zai fanshe kuɗinsa, kuma alƙalin da ya karɓi gaisuwa ba ya jin kukan maraya.

Daga baya ya komo gida. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Ya rasu a Gwandu a 1829, ya bar littattafai masu yawa, har da tafsirinsa Liya'ut Ta'wili.

Mu mutanen Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, maƙwabtan Gwandu ne, darasin kuwa namu ne. Duk gonar gadon da aka ƙwace wa gwauruwa da kuɗi, duk majinyacin da aka bari a ƙofa don hannunsa wofi ne, haƙƙin ɗan Adam ne aka ci, kuma za a biya shi gobe ƙiyama.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya tsare mu daga cin haram. Amin.