Salvator Rosa (1615–1673): Rayuwarsa da Zanensa na Masana Falsafa

1.0 Gabatarwa

A ƙarni na 17, zamanin da salon Barok ya mamaye fasahar Italiya, mai zane ba ya rayuwa sai a inuwar wani ubangida: Paparoma ko Kadinal ko basarake ko attajiri. Ubangidan ne ke zaɓar jigon zane, shi ke yanka farashi, shi ke sa ranar kammalawa. Salvator Rosa na cikin 'yan ƙalilan da suka bijire wa wannan tsari, kuma a siffar masana falsafa ya fi bayyana bijirewar tasa. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarsa tare da nazarin zanensa mai suna Falsafa, wanda ke gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Rosa a shekarar 1615 a Arenella, wani ƙauye da ke gefen birnin Napoli, lokacin da birnin ke ƙarƙashin mulkin Sifaniya. Ya koyi zane a wajen mijin 'yar'uwarsa, Francesco Fracanzano, sannan ya zauna da Aniello Falcone wanda ya yi fice a zanen fagen fama. A Napolin wancan lokaci babu mai zanen da ya kai Jusepe de Ribera tasiri. Ribera ya saba zana masanan Girka na da a siffar talakawa tuburan, sanye da tsummoki, fuska duk tamoji, hannu riƙe da littafi. Daga wannan muhalli Rosa ya ɗauki ra'ayin cewa ilimi na gaskiya ba ya buƙatar ado. Ya fara zuwa Rum a 1635, kuma daga bisani ya sami gindin zama a gidan Kadinal Brancaccio.

3.0 Zaman Fulorans da Zanen Falsafa

Rosa bai tsaya ga zane kawai ba, domin marubucin waƙa ne kuma ɗan wasan kwaikwayo mai kaifin harshe. A 1639 ya yi wa Bernini shaguɓe a bainar jama'a, alhali Bernini ne ke riƙe da ragamar harkar fasaha a fadar Paparoma. Shekara guda bayan haka ya koma Fulorans bisa gayyatar Giovan Carlo na gidan sarautar Medici, inda ya zauna har 1649. A can ya kafa wani dandalin marubuta da masana a gidansa, ya fara tsara waƙoƙinsa na zambo a kan lalacewar kiɗa da waƙa da zane, kuma ya haɗu da Lucrezia wadda ta zama abokiyar zamansa har ƙarshen rayuwarsa.

A wajajen 1645 ya yi zanen Falsafa. Zanen ya nuna wani mutum daga kai zuwa ƙugu, lulluɓe da mayafi mai duhu, da baƙar hula a kansa. Rabin fuskarsa na cikin haske, rabi cikin inuwa, ya murtuke, leɓɓansa a tsuke, bayansa kuma sararin sama ne mai hadari. Rosa ya ɗaga shi sama ta yadda mai kallo yake kallonsa daga ƙasa, kamar ɗalibi a gaban malami mai tsanani. Hannunsa na dafe da wani allo mai rubutun Latin da ke umartar mutum ya kame bakinsa matuƙar ba shi da maganar da ta fi shiru amfani. Ana danganta wannan hikima ga Fitagoras.

An daɗe ana ɗaukar zanen a matsayin hoton Rosa kansa. Manazarta na baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa siffanta ilimin falsafa ne a jikin mutum, domin yana da tagwai mai suna Waƙa, hoton wata mace, wanda yanzu ke Hartford a Amurka, kuma an yi su biyun ne don a rataye tare. Ko ma wane ra'ayi aka ɗauka, akwai abin lura: mutumin da harshensa ya jawo masa gaba a Rum shi ne ya zana darasin kame baki. Sai dai sharaɗin da ke kan allon bai hana magana ba, ya dai nemi ta cancanta. Rosa yana ganin zambonsa ya cika wannan sharaɗi.

4.0 Komawa Rum

Bayan ya koma Rum a 1649, Rosa ya ƙudiri aniyar a san shi da manyan jigogi na tarihi da falsafa, duk da cewa masu saye sun fi son ƙananan zane-zanensa na duwatsu da dazuzzuka da yaƙe-yaƙe. Maimakon jiran ubangida, sai ya riƙa baje aikinsa a nune-nunen jama'a. A 1651 ya nuna zanen Dimokiritus a Pantheon. Al'ada ta san wannan masani da dariya ga wautar duniya, amma Rosa ya zaunar da shi cikin tagumi tsakanin ƙasusuwa da ƙoƙunan kai da kufai. Ya biyo shi da zanen Diyojinis yana jefar da ƙoƙon shan ruwansa bayan ya ga yaro na sha da tafin hannu. Duka biyun suna Kofanhegan a yau. Saƙonsu guda ne da na mazhabar falsafar da yake ƙauna, wato raina abin duniya da dogaro da kai. A wasiƙunsa ma ya nuna ƙin karɓar kuɗin kafin alƙalami da ƙin a gindaya masa jigo, domin yana ganin ilhama ba ta zuwa bisa yarjejeniya.

Wannan 'yanci ya zo da tsada. Annobar 1656 ta kashe ɗansa Rosalvo. A ƙarshen shekarun 1650 kuma zanensa na Sa'a, wanda ya nuna dukiya na kwarara a kan dabbobi, an fassara shi a matsayin habaici ga fadar Paparoma Alexander na 7, har ya kusa shiga hannun hukuma sai da manya suka sa baki. Ya auri Lucrezia 'yan kwanaki kafin rasuwarsa, ya mutu a Rum ranar 15 ga Maris, 1673, aka binne shi a majami'ar Santa Maria degli Angeli.

5.0 Kammalawa

Bayan mutuwarsa an buga waƙoƙinsa na zambo, sannan almara ta lulluɓe tarihinsa. An ce ya zauna da 'yan fashi a duwatsu, an ce ya shiga tawayen Masaniello na Napoli a 1647, alhali a lokacin yana yankin Tuskani. Turawan Ingila na ƙarni na 18 da na 19 kuwa sun fi ɗaukaka shi saboda zanen dazuzzukan nan da shi bai ɗauka da muhimmanci ba. Don haka mai son sanin yadda Rosa ya so a fahimce shi, zanen Falsafa da na Dimokiritus da na Diyojinis ne hujjojin da ya bari da hannunsa.