Henry Thoreau: Mutumin Da Ya Rage Buƙatunsa Don Ya Mallaki Kansa

A ranar 4 ga Yuli, 1845, lokacin da Amurkawa ke shagalin tunawa da samun 'yancin ƙasarsu, wani matashi ɗan shekara 27 ya kwashe 'yan komatsansa ya tare a wani ɗaki na katako da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, kusa da garin Concord na Jihar Massachusetts. Sunansa Henry David Thoreau. Da yawa daga mutanen garin kallon malalaci suka yi masa, domin kuwa tun 1837 ya kammala Jami'ar Harvard, sa'o'insa sun zama lauyoyi da likitoci, shi kuwa ya ɓuge da noman wake a daji.

An haife shi a Concord ranar 12 ga Yuli, 1817, a gidan wani mai ƙaramar masana'antar fensir. Da ya gama jami'a sai ya kama koyarwa a makarantar garin, amma cikin 'yan makonni ya ajiye aikin saboda bai yarda da dukan ɗalibai ba. Daga nan shi da yayansa John suka gudanar da makarantarsu har zuwa 1841. A watan Janairun 1842 John ya yanke da aska, cutar sarƙewar haƙora ta kama shi, ya cika a hannun ƙanensa. Wannan rashi ya girgiza Thoreau ƙwarai, ya kuma nuna masa cewa kwanakin mutum su ne ainihin jarinsa, kuma ƙidayayyu ne.

Abin da ya yi a Walden gwaji ne mai lissafi. Filin na abokinsa ne, marubuci Ralph Waldo Emerson. Ɗakin ƙafa 10 ne a faɗi, 15 a tsawo, kuma abin da ya kashe wajen gina shi bai kai dala 29 ba. A ciki akwai gado da tebur da teburin rubutu da kujeru uku. Ya noma wake da masara da dankali a fili kimanin eka biyu da rabi, yana rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita. A bisa lissafinsa, aikin mako shida a shekara ya ishe shi biyan buƙatunsa. Sauran lokacin ya ba karatu da rubutu da yawo cikin itatuwa, yana lura da tsuntsaye da kifaye da sauyin yanayi. Hasali ma, da ya ji ana cewa tafkin ba shi da ƙarshe, sai ya ɗauki igiya da dutse ya auna, ya samu ƙafa 102 a wuri mafi zurfi.

Masu sukarsa suna cewa ai ba wani daji ya shiga ba, tun da tafkin bai fi tafiyar mil biyu daga gari ba, layin dogo ma ta gefensa ya wuce, kuma yakan je gidan mahaifiyarsa cin abinci. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a nawa ganin, ba gudun mutane ya je yi ba, so yake ya gano iyakar abin da mutum ke buƙata kafin ya fara sayar da rayuwarsa don biyan abin da ba ya buƙata.

Amfanin wannan ya bayyana a watan Yulin 1846, lokacin da aka kama shi saboda ya yi shekaru yana ƙin biyan haraji, don nuna adawa da gwamnatin da ta halatta bautar da baƙar fata, ta kuma shiga yaƙi da Meziko. Ya kwana ɗaya a kurkuku kafin wani ya biya kuɗin ba da son ransa ba. Maƙalar da ya wallafa a 1849 kan bijire wa zalunci cikin lumana ta yi tasiri daga baya a kan Mahatma Gandhi da Martin Luther King. A nan ne darasin yake, mai karatu. Wanda bashi bai yi masa katutu ba, ba ya tsoron rasa kujera ko mota, shi ne ke iya buɗe baki ya ce a'a. Ba banza ba aka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ya bar Walden a watan Satumban 1847, bayan shekara biyu da wata biyu da kwana biyu. Littafinsa na farko bai samu kasuwa ba, domin daga kwafi 1,000 da aka buga sai da aka maido masa 706. Bai karaya ba, ya ci gaba da aikin safiyo da na fensir, ya fitar da littafin Walden a 1854, ya kuma taimaka wa bayin da suka gudo su tsallaka zuwa Kanada. Bugu da ƙari, ya shafe shekaru yana rubuta ranar da kowane tsiro ke fara fure a Concord. Masana a Jami'ar Boston sun kwatanta waɗannan bayanai da na wannan ƙarni, suka tabbatar cewa tsirrai da dama suna yin fure da wuri saboda ɗumamar yanayi.

Tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 6 ga Mayu, 1862, yana da shekara 44, bai yi aure ba, bai kuma bar dukiyar a-zo-a-gani ba.

Ba kira nake yi ma'aikacin banki ko likita ya ajiye aiki ya koma daji ba, shi kansa Thoreau ai gari ya dawo. Abin da ya kamata mu ara daga gare shi shi ne lissafin nan nasa. Kafin ka ci bashi don sauya motar da ba ta lalace ba, ka ƙirga wata nawa na rayuwarka za ka biya, da irin gaskiyar da za ka haɗiye a ofis saboda tsoron rasa albashin da za ka biya bashin da shi. Ka kuma tambayi kanka rabonka da zama a gindin bishiya da la'asar, babu waya a hannu.