Tavernier, farken Faransa da ya san kuɗin tabo a jikin lu'ulu'u

A farkon watan Nuwamba na shekarar 1665, Sarkin Indiya Aurangzeb ya ba wani Bafaranshe izinin ganin duwatsun baitulmalinsa. Baƙon shi ne Jean-Baptiste Tavernier, farke ɗan shekara 60 da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya. Dutsen farko da aka ɗora masa a tafin hannu shi ne lu'ulu'un da daga baya aka riƙa kira Babban Mogol, mai siffar rabin ƙwai, nauyinsa kusan karat 280. Tavernier ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya hango wata 'yar tsaga a gefen gindinsa. A lissafin da ya yi daga baya, ya rage livre 10 kacal cikin 160 na kuɗin karat ɗin farko saboda wannan aibi. Ruwan dutsen kuwa, wato tsabtarsa da haskensa, bai ga abin kushewa a ciki ba.

An haifi Tavernier a birnin Paris a 1605. Mahaifinsa Gabriel, ɗan ɗarikar Furotesta daga Antwerp, sana'arsa sayar da taswira ce, don haka yaron ya tashi yana kallon ƙasashen duniya a takarda. Tsakanin 1631 da 1668 ya yi tafiye-tafiye shida zuwa gabas: ta Istanbul, da Isfahan ta ƙasar Farisa, har Indiya. Yawanci cikin ayarin fatake yake bi, da raƙuma da jiragen ruwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan kasuwar Turai shi ne bai tsaya a bakin teku yana jiran dillalai ba. Ya shiga har mahaƙar lu'ulu'u ta ƙasar Golconda. A Kollur, kusa da kogin Krishna, ya ƙiyasta mutum kusan 60,000 suna aiki, maza na haƙa, mata da yara na kwasar ƙasa. A wata mahaƙar, Raolconda, ya ga yara 'yan shekara 10 zuwa 15 zaune ƙarƙashin bishiya, kowa da ma'auninsa, suna saye da sayarwa kamar manya. Ya kuma ga yadda ake ciniki ba magana: mai saye da mai sayarwa su rufe hannuwansu da mayafi, su daidaita farashi da taɓa yatsu, 'yan kallo ba su san nawa aka tsaya ba.

A can ne ya koyi zancen aibi. Ya lura cewa wani aibin ba daga halitta yake ba, mahaƙa ne ke jawo shi idan suka maka wa dutse sandar ƙarfe da ƙarfi, sai lu'ulu'un da ke ciki ya tsage. Ya lura da dabarar masu gogewa na Indiya: dutse mai tsabta sukan ɗan share masa sama da ƙasa su bar shi, don kada nauyi ya ragu, amma mai tabo sai su cika jikinsa da ƙananan fuskoki har ƙyalli ya shanye tabon, ido ya kasa kama shi. Hatta wajen duba dutse akwai bambanci. Turawa da rana suke dubawa, Indiyawa kuwa da dare, su sa fitila a cikin wata 'yar taga a bango su riƙe dutsen a gabanta.

Yau masana sun tabbatar da abin da waɗancan masu gogewa suka gane da hannu. Kusan kowane lu'ulu'u na da wani abu a cikinsa, ko ɗigon wani ma'adini da ya maƙale tun yana haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, ko 'yar tsaga mai kama da gashin tsuntsu. Ana auna waɗannan da gilashin da ke ƙara girma sau 10, kuma galibinsu ido kawai ba ya ganinsu. Ƙyalli kuwa daga yanka yake fitowa. Haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya dawo wa mai kallo, in dai an daidaita kusurwoyin. Ɗigo guda ƙarami ba ya tare wannan hanya yadda za a lura. Abin da ke dusashe dutse shi ne babban baƙin tabo a tsakiya, ko tarin ɗigogi masu yawa da ke zama kamar hazo, ko tsaga mai faɗi, wadda ma tana iya raba dutsen biyu wata rana.

A kasuwa dai hukuncin ya fi tsauri, kuma Tavernier ya bar mana lissafinsa. A ninka nauyin dutse da kansa, sannan a ninka da kuɗin karat guda. Dutse marar aibi mai karat 12, a kan livre 150, ya kama 21,600. Mai karat 15 da ke da mummunan ruwa ko ya cika da tabo, a kan livre 80, bai wuce 18,000 ba. Ga shi ya fi girma, ga shi ya fi araha.

Labarin Babban Mogol shi kansa darasi ne a kan tsoron aibi. Yadda Tavernier ya ji, ɗanyen dutsen da Mir Jumla ya bai wa Sarki Shah Jahan ya haura karat 787, sai dai yana da tsage-tsage. Aka damƙa shi ga wani ɗan Venis mai suna Hortensio Borgio, shi kuma ya yi ta goge shi har kusan kashi biyu cikin uku ya tafi a ƙura. Maimakon lada, tarar rupi 10,000 aka ci shi. Tavernier bai tausaya masa sosai ba, don a ganinsa gwani zai iya ɓalle manyan gutsattsari masu amfani tun kafin ya fara gogewa.

Da ya dawo gida a 1668, ya sayar wa Sarki Louis na 14 tarin duwatsu, ciki har da wani shuɗin lu'ulu'u mai karat 112 da ɗoriya. A 1669 sarki ya ba shi matsayin sarauta, a 1670 ya sayi gandun Aubonne kusa da tafkin Geneva. Dutsen nan ma yankan Indiya ne, mai kiyaye nauyi. Sarkin Faransa shi ƙyalli yake so, ya sa aka sake yanka shi ya koma karat 67 da ɗan abu. An sace shi a Paris a 1792 lokacin juyin juya hali, kuma bincike ya nuna daga jikinsa aka fitar da lu'ulu'un Hope mai karat 45.52, wanda ke gidan tarihin Smithsonian a Washington tun 1958. Abin dariya, shuɗin da ya sa duniya ke tururuwar kallonsa shi ma baƙon abu ne a jikin dutsen: ɗan sinadarin boron ne ƙalilan da ya gauraya da shi.

Littafin tafiye-tafiyensa shida ya fito a 1676, da taimakon marubuci Samuel Chappuzeau. Ba littafin malami ba ne. Yakan rikita shekaru, yakan ɗauki labarin da ya ji a zango ya rubuta, kuma masu suka ba su raga masa ba. Amma in zance ya zo kan ma'auni da haraji da duwatsu, har yau masu tarihi wurinsa suke komawa.

Ƙarshensa bai zo da sauƙi ba. A 1685 Louis na 14 ya soke dokar Nantes da ke kare 'yan Furotesta, a shekarar kuma Tavernier ya sayar da Aubonne. Yana da shekara sama da 80 ya sake ɗaura kaya da niyyar komawa gabas, wannan karon ta arewa. Masu tatsuniyar la'anar lu'ulu'un Hope sun ce karnukan daji ne suka yayyaga shi don ya saci dutsen daga idon gunki, zancen da ba shi da tushe. A ƙasar Rasha ya rasu a 1689, yana da shekara 84, bai kai Indiya ba.